Ranar da Lasifikar Majo Ta Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da wani ɗan maƙale da bai fi kan yatsa ba ya kwance mini zani a kasuwa, a gaban matan Gaya, garinmu na bakin iyaka, har da maza a gefe. Yanzu ina ba ku labarin ina dariya, amma a ranar, wallahi da ƙasa ta tsage da na shige na ja ta na rufe.

Ni 'yar kasuwa ce. Albasa nake turawa ƙetare, in shigo da garin rogo da manja da doya daga Malanbil, garin da ke tsallaken kogi a ƙasar maƙwabta, tun ina goyo har yanzu da jikoki suka cika mini gida. Duk wanda ya san ni a kasuwa ya san ni da abu biyu: baki da taurin fuska. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to ni tawa fuskar ba ta ba da labari. Ko kaya sun ruɓe ko kasuwa ta yi kyau, haka za ka gan ni. (Ina alfahari da wannan ƙwarai, kada ku ce ban faɗa muku ba.)

'Ya'ya bakwai Allah ya ba ni. Shida ina kiransu da sunansu, in yi musu faɗa, in ja kunnensu, in sun yi tafiya in bi su da waya ina mita. Na farin kuwa, to, ɗan fari ne. Ku yaran yanzu da kuke liƙa hoton ɗan fari a fuskar waya kuna sumbatarsa a gaban surukai, ba za ku gane ba. Mu yadda muka taso, uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta tambayar lafiyarsa da bakinta. Kunya ce, kara ce ake yi wa manya. Ana yaye shi mahaifiyata ta ɗauke shi ta tafi da shi garinsu Bana, can ya girma, sai da ya fara gemu ya dawo wurinmu. Sunansa ba ya fitowa daga bakina, a nan ma kada ku sa rai. Direba nake ce masa, tun da ya fara jan kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Kwatano da Yamai. In zan yi masa magana, bango nake kallo in ce, “A gaya wa Direba ga tuwo nan,” ko da kuwa daga ni sai shi a tsakar gida.

Sai ga sojoji sun karɓi mulki, aka rufe gadar da ta haɗa mu da Malanbil. Ni ba 'yar siyasa ba ce. Abin da na sani shi ne gadar da muke takawa kamar ƙofar ɗakinmu ta zama abin hange, wutar lantarki ta koma sai ta ga dama, duk mai son ƙetarawa sai ya bi kwalekwale. Rufewar ta rutsa da Direba a wancan gefen, cikin jerin manyan motoci da ba a ganin ƙarshensu, da kayan mutane fal a bayansa. Mai motar ya ce in ya kuskura ya bar ta aka taɓa ko buhu ɗaya, a bakin aikinsa. Haka ya zauna yana gadin mota, yana kwana a ƙarƙashinta, sauro na cin rabonsa. Tsakaninsa da gida kogi ne kawai, amma makonni suka koma watanni ba mu sa shi a ido ba.

Matarsa Zalika tana tare da mu a gida. Yarinyar kirki ce, ga wayo. Ta san ba zan tambaya ba, don haka duk lokacin da ya turo saƙon murya sai ta fito tsakar gida ta buɗe shi da ƙarfi, wai ita kunnenta ne ba ya ji sosai. Ni kuma sai in juya baya in kama tsintar shinkafa. (Shinkafar nan ta sha tsinta. Ko tsakuwa ɗaya ba ta rage a ciki ba, amma kullum sai na sake ta daga fari.)

Wata rana ta buɗe saƙo ba ta riga ta saurara ba. Muryarsa ta cika gidan:

“Zalika, kin ce Inna tana tambayata. Don Allah ki bar yi mini ƙarya don ki faranta mini rai. Ni na san Inna. Ko motar nan ta faɗa kogi da ni, abin da za ta tambaya shi ne ko kayan mutane sun jiƙe. Ba komai, na saba. Ki dai kula da ita.”

Yana dariya ya faɗa, dariyar ce ma ta fi ciwo. Zalika ta yi wuf ta kashe wayar. Ni ban ɗago kai ba. Na ce, “Wa ya bar awakin nan suka shigo?” alhali babu akuya ko ɗaya a gidan. Amma maganar ba ta bar kunnena ba. Ɗana yana can yana zaton ba na ƙaunarsa, ni kuma ba ni da bakin da zan ce masa ba haka ba ne. In gaya muku gaskiya, duk cikin bakwai ɗin shi na fi so. To na faɗa, ku rufa mini asiri.

Daga nan ciwon kai ya sa ni gaba. Ƙeyata ta riƙe, barci ya ƙaurace mini, idanuna suna ganin taurari da rana tsaka. Ran nan ina tsaye a rumfa sai jiri ya kwashe ni na zube a kan buhun gari. Bibata ce ta tare ni. Ita ƙawata ce tun muna amare, mutuniyar Dandi, mai sayar da kifi banda a rumfar da ke jikin tawa. Hausarta ta kasuwa ce, amma zagin Hausa babu wanda ba ta iya ba. Ta ɗora ni a kabu-kabu, wato babur ɗin haya, tana ta faɗa, sai ƙaramin asibitin unguwarmu.

Shugabar masu jinya a wurin, wadda kowa ke ce wa Majo, yarinya ce sa'ar 'yata ta uku, siririya, mai sanyin murya. Ta ɗaura mini abin awo a damtse, ta duba, ta sake dubawa.

“Inna, tansiyonki ya hau ƙwarai, hawan jini ne. Me ke damunki?”

“Albasa,” na ce. “Tun da aka rufe gada take ruɓewa.”

Ta ba ni ƙwayoyin hawan jini, ta hana ni gishiri da dunƙulen miya (wato dai ta hana ni jin daɗin duniya). Sannan ta ce akwai wata 'yar na'ura da ta zo da ita daga wani horo da ta je a Yamai, tana so ta gwada da ni. Ta ce ba magani ba ce, kada in bar shan ƙwaya. Ita aikinta kawai ta nuna wa mutum abin da jikinsa ke yi, har ya koyi kwantar da shi da kansa.

Ta ɗauko wani abu kamar maƙalen shanya, ta maƙala mini a yatsa. Wata siririyar waya ta haɗa shi da allo mai kama da babbar salula. Nan take allon ya yi ja, wani zare yana hawa yana sauka, kuma na ji ƙara: ɗif-ɗif-ɗif-ɗif.

“Wannan zuciyarki ce, Inna.”

“Tawa? Wannan mai gudu kamar ɗan kabu-kabu ya hango jandarma?”

Na ji haushi, ban ɓoye muku ba. Ni da nake ganin babu mace mai natsuwata a Gaya, ashe ciki tseren doki ake yi.

Majo ta ce in sauke kafaɗuna. Na ce ai a sauke suke. Ta dafa su, sai ga su sun sauka, ashe kusa da kunnena suke yini. Ta ce in saki haƙorana, nan ma na tarar a cije suke. Ta ce in ja numfashi ta hanci har cikina ya taso, in sake shi a hankali kamar ina hura wa jariri koko. Na yi, na sake yi. Ikon Allah, sai ƙarar ta fara sassautawa. Ja ya koma ruwan ƙwai, can an jima ya koma kore. Na zauna ina kallon allo baki buɗe. Abin da na zaci ba a taɓawa sai Mai shi, ashe ya bar mana ɗan linzami a hannu.

Tun daga ranar na zama ɗalibar Majo. Ina rufe cinikin safe sai in wuce asibiti, in na'urar ta sha ranarta a faifan sola sai a maƙala mini. Ta ce lalle yana hana maƙalen gani da kyau, don haka na riƙa yawo a gari da yatsu tara jajaye, ɗaya fari tas. Duk wadda ta tambaye ni sai in ce umarnin likita ne, ina wani ɗaga kai. Zalika kuwa na ja mata kunne: kada labarin ciwona ya ƙetare kogi. Wanda ke kwana ƙarƙashin mota abin da ke kansa ya ishe shi.

Ba a jima ba na gano wani abu game da na'urar nan, wadda Bibata ta raɗa wa suna Magulmaciya. Ina cikin kore lafiya lau, da zarar tunanina ya ƙetare kogi, na ce ko ya ci abinci, ko zazzaɓi ya kama shi, sai allo ya yi ja nan take. To ni ma ba a bar ni a baya ba wajen wayo. Na koyi jan tunanin in kulle shi kafin ya kai bakin ruwa. Majo ta lura. Ta ce, “Inna, akwai inda kike zuwa ki dawo da gudu.”

“Albasa ce.”

“To, Allah ya ba albasar nan lafiya,” ta ce, tana murmushi.

Ciwon kai ya ragu, barci ya fara dawowa, awo ya sauka. Da ni mai hankali ce da na gode wa Allah na yi shiru. Ina! Sai na zama malama. Duk wadda ta zo sayen manja sai ta sha wa'azin numfashi. Na riƙa cewa, “Ni yanzu zuciyata a tafin hannuna take, in na ce ta zauna sai ta zauna.” Bibata takan ce, “Hajiya, rage cika baki, kifin da ya cika tsalle a wuta yake ƙarewa.” Ban ji ba.

Don haka da Majo ta ce za ta tara masu hawan jini na unguwa ta nuna musu na'urar, kuma tana so ni in zauna a gaba su gani da idonsu, ko tayi ban bari ta gama ba. Ranar na ci ado kamar za ni suna. Na ɗaura atamfar da nake ji da ita, na kafa ɗauri, na fesa turare.

Rumfar asibiti ta cika. Mata sun yi dafifi a kan tabarmi, tsofaffi da masu goyo. Dattawa maza suna gefe a kan benci. Har wani soja da ya zo wankin ciwo ya jingina da ginshiƙi yana kallo. Aka ajiye mini kujera a tsakiya. Majo ta ce na baya ba za su ji ƙarar ba, sai ta aika aka ɗauko lasifikar da ake shelar rigakafi da ita, ta haɗa da allon. Kuma da yake ba na iya magana ba tare da wurga hannu ba, ta naɗe maƙalen a yatsana da filasta, ta naɗe shi tam. (Ku riƙe wannan filastar, ita ta gama da ni.)

Zuciyata ta fara bugawa a lasifika, duk unguwa na ji. Na sauke kafaɗu, na hura kokona, ƙarar ta kwanta, allo ya yi kore. Mata suka yi ta salati. Majo ta yi bayani mai kyau, yadda tsoro da damuwa ke sa jiki ya ɗaure, da yadda numfashi ke kwance shi. Da an tsaya nan da an tashi lafiya. Amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni da bakina na ce, “Majo, bar su su gwada ni. Duk wadda ta iya tayar mini da hankali ta zo.”

Abin nema ya samu. Wata ta ce, “Hajiya, an ce kwalekwalen da ya ɗauko doyarki ya kife!” Kore. Wata ta ce, “Tuwonki gudaji gare shi, kowa ya sani!” Zaren ya ɗan yi tsalle, na hura, ya koma. Wata ta lallaɓo ta bayana ta saki kwanon silba a ƙasa. Ƙarar ta yi sauri kaɗan, na ja numfashi, ta sauka. Sojan nan ya tafa. Na dubi Bibata, na ga ta buɗe baki ta rufe. Ita kaɗai ta san inda za ta taɓa, amma ta yi mini kara. Maimakon in gode mata, sai na baza hannu na ce, “Ku ƙara! Ni babu abin da ke motsa ni a duniyar nan.”

Ban rufe baki ba na hango ƙofar asibiti. Wani mutum ya shigo da sauri, ƙafafun wandonsa jiƙe da laka har gwiwa, rigarsa ta yi masa yawa, gemu ya cika masa fuska. Zalika tana biye da shi da gudu, mayafinta na faɗuwa. Idona bai gama gane shi ba, lasifika ta riga ta sanar da jama'a.

ƊIF-ƊIF-ƊIF-ƊIF-ƊIF!

Allo ya yi ja wur. Wani jariri ya firgita ya tsala kuka. Ni kuwa na yi abin da na saba tun ina yarinya: na kau da kai na dubi bango, na haɗe fuska, na ce, “Majo, na'urarki ta lalace.”

Daga baya na ji yadda aka yi. Mijin Bibata yana tuƙa kwalekwale, shi ya haɗu da Direba a bakin ruwa ya ce masa, “Innarka fa kullum tana asibiti, an ce wayoyi ake sa mata a jiki, yau ma har mutane aka tara mata.” Yaron nan bai tsaya jin sauran ba. Ya bar wa wani direba amanar motar, ya sa aikinsa a bakin wuƙa, ya faɗa kwalekwale. Da suka kusa gaɓa bai jira an daidaita ba ya dira cikin laka, Zalika ta hango shi yana wuce ƙofar gida ta bi bayansa. Shi ne fa mai cewa ko ya faɗa kogi ba zan tambaya ba.

Ya ratsa mata ya zube a gabana. “Inna!”

Lasifika ta ƙara wuta. Ya dubi allon, ya dubi wayar da ke yatsana, ya ji ƙarar nan, ya juya wurin Majo. “Majo, ku taimake ta! Zuciyarta ce? Me ya same ta? Tun yaushe?”

Na ce bari in yi abin da na koya. Na ja numfashi, ya tsaya a wuya. Na hura, sai ya fito kamar shaƙuwa. Na kai hannu in fizge maƙalen, filasta ta ce ba ta san zancen ba. Ina ja, tana riƙe. Ga ni zaune da ɗaurina da turarena, fuska kamar an aiko mini da sammaci, zuciyata kuma tana kiɗan kalangu a lasifikar rigakafi.

Majo baiwar Allah, ita ba ta san shi ba, kuma da gaske ta zaci wani abu ya taɓu. Ta duba waya, ta duba allo. Sai ta ce, “Malam, ɗan fita tukuna, ka ba ta iska.” Ya tashi ya koma bayan katanga. Na daina ganinsa, na samu na ja numfashi ɗaya mai kyau, ƙarar ta ɗan lafa. Shi kuma hankalinsa bai kwanta ba, ya leƙo. Ɗif-ɗif-ɗif-ɗif! Ya koma, ta lafa. Ya sake leƙowa, ta tashi.

Mata suka fara kallon juna. Sai Bibata, Allah ya shirye ta, ta ce, “Kai, sake fita mu gani!”

Aka kwashe da dariya. Sojan nan har da riƙe ciki. Wata tsohuwa a gaba ta ce, “Wai shi wannan ɗin wane ne?”

Bibata ta ce, “Ɗanta ne. Na fari.”

Dariyar ta tsaya cak. Sai na ji “Ayyaa” ta tashi daga wannan gefe zuwa wancan. Babu macen da ke rumfar nan mai furfura da ba ta da nata ɗan farin da take kira wane ko wance. Tsohuwar ta ja bakin zaninta ta share ido. Wata ta rangaɗa guɗa, ita kuma ban san me ta gani na guɗa ba. Dattawan benci suka sunkuyar da kai suna gyaran murya. Ni dai bango nake kallo, na san kowace tsaga da ke jikinsa, kunya kamar ta kashe ni. Shekara da shekaru ina riƙe da abina, ban taɓa bari ko mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, ya gani a fuskata ba. Yau ga shi ana shelarsa kamar ranar allurar yara.

Direba ya dawo a hankali ya tsaya a gaban Majo. Muryarsa ta yi ƙasa.

“Majo, wannan ƙarar... ni ne?”

“Ni dai abin da na gani zan faɗa,” in ji ta. “Tun ɗazu matan nan suke tsokanarta, har kwano aka jefar, ko gezau. Kana shigowa ta tashi.” Ta dube ni ta gefen ido ta ƙara da cewa, “Ina jin kai ne albasar.”

Bai gane zancen albasa ba, amma ya gane sauran. Ya zauna a ƙasa daidai ƙafafuna, ƙato da shi, mai 'ya'ya uku, ya sunkuyar da kai. Na ga kafaɗunsa suna girgiza. Hawayensa suna ɗiga a kan lakar da ta bushe a wandonsa. Na so in ce wani abu, na laluba bakina ban sami komai ba sai abin da na saba. Na ce wa bango, “A gaya wa Direba ya tashi, ƙasar asibiti ba wurin zama ba ce.”

“Ba zan tashi ba, Inna,” ya ce. Bai taɓa yi mini musu ba sai ranar.

Majo ta durƙusa kusa da mu. “Inna, sauke kafaɗa. Ja numfashi. Kai ma ja, kai ka fi ta bukata.” Muka ja tare, muka saki tare. Ban san lokacin da hannuna, wanda babu waya a jikinsa, ya sauka a kan hularsa ba. Ni dai ban aike shi ba. Wannan karon babu tunanin da na kulle, domin abin da nake kullewa ga shi a gabana, da ransa, yana warin man mota da laka. Ƙarar ta yi ta sauka, ta yi ta sauka, har allon ya yi kore ya zauna. Majo ta ce tun da muka fara ba ta taɓa ganin zaren ya kwanta haka ba. Sannan ta ɗauko almakashi ta yanke filastar, bayan an gama cin mutuncina.

Yadda na taka daga asibiti zuwa gida, Allah kaɗai ya sani. Na ja mayafi na rufe fuska, ni da ban taɓa rufe ta don kowa ba. Labari ya riga mu isa. Kafin azahar, masu kabu-kabu suna wucewa ta ƙofar gida suna cewa ɗif-ɗif-ɗif. Har yau akwai masu ce mini Hajiya Lasifika a kasuwa, Bibata ce shugabarsu.

A gida na hana Zalika shiga madafa. Ni na dafa masa shinkafar nan da ta sha tsinta, da miyar kifi, na zuba gishiri yadda yake so, Majo ta yi haƙuri. Ya ci, ya ƙara, ina zaune nesa ina yi kamar ina gyaran albasa. Bai iya kwana ba, amanar mota na jiransa. Da la'asar ya zo ya durƙusa ya ce, “Inna, zan koma.”

Na dubi bango. Sai kuma na ga bangon nan ya gaji da aike. Na juyo na dube shi, ido cikin ido, na ce, “Ka rame.”

Kalma biyu ke nan, amma sai da na yi gumi. Ya yi dariya, hawaye na zuba. “Zan riƙa ci, Inna.”

“Ka sayi gidan sauro. Allah ya tsare.”

Motar ya same ta lafiya, ba a taɓa komai ba. Washegari Zalika ta fito tsakar gida da wayarta, ta buɗe saƙo. Wannan karon ban juya baya ba. Ya ce, “Zalika, ki gaida Inna, ki ce ta riƙa shan maganinta. Ba sai kin gaya mini ta tambaye ni ba. Na ji da kunnena, ni da duk Gaya.”

Har yau ban faɗi sunansa ba, kuma ba na jin zan faɗa, tsohuwa ba ta sake hali a rana ɗaya. Ina nan ina numfashina safe da yamma, yana yi mini amfani, duk mai hawan jini ina ba ta shawara ta koya. Amma ina haɗawa da gargaɗi. In kina da abin da kika ɓoye a ƙirji, kada ki cika baki, kuma kada ki yarda a haɗa ki da lasifika. In kuwa tsautsayi ya sa an haɗa, har wanda kike ɓoye wa ya shigo, to ki bar filasta ta yi aikinta. Kunyar yini ɗaya ce, yaron kuma tun yana goye yake jiran ya ji.